Holan: injinan iska, majami'u da tsofaffin fadoji na ƙauyukan bakin kogi

Ƙasar Holan, wadda ake kira Pays-Bas da Faransanci, girmanta kusan ɗaya ne da na jahar Maradi, wato murabba'in kilomita dubu 41 da ƴan kai, amma mutane kimanin miliyon 18 ne ke zaune a cikinta. Kusan kashi 26 cikin 100 na ƙasar yana ƙasa da matsayin ruwan teku, kuma da babu kariya, ambaliya na iya shafar fiye da rabinta. A tsakiyar ƙasar, inda manyan koguna ke ratsawa daga gabas zuwa yamma, akwai jerin ƙauyuka da ƙananan garuruwa da suka yi suna saboda gine-gine iri uku: injin iska, majami'a mai doguwar hasumiya, da tsohuwar fada da gwalalo ya kewaye. A yau ƴan yawon buɗe ido ne ke tururuwa suna ɗaukarsu hoto. Sai dai kowane ɗaya daga cikinsu zama da kogi ne ya sa aka gina shi inda yake, kuma matsalar ruwan da ta haifar da su tana nan har gobe.

Kogunan da ƙauyukan ke bakinsu

Kogin Rhin yana tasowa daga duwatsun ƙasar Suwis, ya bi iyakar Faransa da Jamus, ya ratsa Jamus, sannan ya shigo Holan kusa da ƙauyen Lobith. Da ya ɗan taɓa tafiya sai ya rabu a Pannerden. Kashi biyu cikin uku na ruwan yana bin reshen da ake kira Waal, wanda shi ne babbar hanyar jiragen ruwa masu dakon kaya tsakanin tashar Rotterdam da masana'antun Jamus. Sauran ruwan yana sake rabuwa kusa da birnin Arnhem: reshen IJssel ya yi arewa, reshen Nederrijn ya yi yamma, kuma daga garin Wijk bij Duurstede sunansa ya koma Lek. Daga kudu kuma akwai kogin Maas, wanda Faransawa ke kira Meuse, mai tasowa daga Faransa ya biyo ta Beljik.

Ƙasar da ke tsakanin waɗannan koguna fadama ce shimfiɗaɗɗa mai laka. Mutanen farko sun kafa gidajensu ne a kan tudun yashi da kogi kan tara a gefensa, ko kuma a kan tudun da suka tayar da hannunsu. Daga baya suka soma tayar da jinga, wato doguwar katangar ƙasa mai bin bakin kogi don hana shi malala. Jinga kuwa ba ta da amfani idan maƙwabci ya bar nasa ɓangare ya lalace, shi ya sa tun da wuri ƙauyuka suka haɗa kai a hukumomin kula da ruwa. A 1277, basaraken yankin Holland, Floris na 5, ya kafa irin wannan hukuma domin yankin Alblasserwaard. Yau akwai hukumomin ruwa 21 a ƙasar. Suna karɓar harajin kansu, kuma jama'a ke zaɓen wakilansu duk bayan shekaru 4.

Injin iska da aikinsa

A yammacin yankin, ƙasar ba laka ce zalla ba. Ruɓaɓɓun ciyayi ne da suka daɗe suna taruwa cikin ruwa. Lokacin da manoma suka haƙa magudanai domin su tsane ta su yi noma, sai ta bushe, ta tsuke, ta riƙa nutsewa shekara bayan shekara, har gonaki suka koma ƙasa da kogin da a da suke zubar da ruwansu a ciki. Tun da ruwa ba ya hawa tudu da kansa, dole a nemi abin da zai ɗaga shi. Injin iska na farko na kwashe ruwa da tarihi ya ambata a ƙasar an gina shi ne kusa da Alkmaar, wajajen 1408. Filin da aka killace da jinga ana fitar da ruwansa ta wannan hanya shi ake kira polder.

Yadda injin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Iska na kaɗa fukafukai huɗu na katako, waɗanda mai kula da inji ke shimfiɗa wa yadi idan iskar ba ta da ƙarfi, ya naɗe shi idan ta yi yawa. Fukafukan na juya wani gungume a cikin kan injin, shi kuma ta hanyar tayoyi masu haƙora ya juya wani dogon ginshiƙi da ya sauko har ƙasa. A ƙasan akwai babbar taya mai faifai wadda ke ɗibar ruwa daga magudana ta tura shi sama. Idan iska ta sauya alƙibla, ana juya kan injin gaba ɗaya da sarƙa domin ya fuskance ta. Irin wannan taya ba ta ɗaga ruwa fiye da mita ɗaya da rabi, don haka inda rami ya yi zurfi akan jera injina biyu, uku ko huɗu, wannan na miƙa wa wancan.

Wuri mafi shahara shi ne Kinderdijk, kilomita 15 gabas da Rotterdam, inda kogin Lek ya haɗu da Noord. Akwai injina 19 a nan. Takwas na jan bulo masu siffar da'ira an gina su a 1738 domin hukumar Nederwaard, takwas na katako masu kusurwa takwas da rufin ciyawa a 1740 domin hukumar Overwaard, sauran ukun kuma na wasu ƙananan polder ne na kusa. Daga bakin fiffike zuwa bakin wanda ke ɗaura da shi ya kai kusan mita 28. Dukan ruwan yankin Alblasserwaard a nan yake taruwa, domin nan ne mafi gangare. Injinan na ɗaga shi zuwa wani babban tafkin ajiya, a jira ruwan Lek ya ja baya, sannan a buɗe ƙofofi ya fita.

Sunan ƙauyen na nufin jingar yaro, kuma akwai almara a kansa. A daren 18 zuwa 19 ga Nuwamba 1421, guguwa ta fasa jinga, ruwa ya cinye yankin Grote Waard da ke kudu. Al'ada ta ce ƙauyuka 72 suka nutse, ko da yake masana tarihi na yau suna ganin adadin bai kai haka ba. An ce bayan ambaliyar an ga gadon jariri yana shawagi, kyanwa na tsalle daga wannan gefe zuwa wancan don kada ya kife, kuma jaririn na ciki da ransa. Wurin da ruwan ya cinye shi ne dausayin Biesbosch na yanzu.

A 1868 aka kafa injinan tururi a Kinderdijk, daga baya na gazuwal da na lantarki suka karɓi aikin. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da mai ya yi ƙaranci, an koma ga injinan iska. Hukumar UNESCO ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya a 1997, kuma har yanzu akwai iyalai da ke zaune a cikin yawancin injinan.

A gabashin yankin, inda ƙasa ta ɗan fi tudu, injinan iska na niƙan hatsi ne. A zamanin da, a wurare da dama injin na basaraken ƙauye ne, kuma dole manoma su kai hatsinsu can su biya. A Wijk bij Duurstede akwai injin da ake kira Rijn en Lek, wanda aka ɗora a 1659 a kan tsohuwar ƙofar gari, har yau hanya na bi ta ƙarƙashinsa. Garin ya ƙara suna saboda zanen injin iska da Jacob van Ruisdael ya yi wajajen 1670, wanda ke gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam. Injin da ke cikin zanen wani ne dabam da ya taɓa tsayawa kusa da wurin, an kuwa rushe shi tuntuni.

Da yake ana hango fukafukan daga nesa, masu injin sun mayar da su hanyar isar da saƙo. Yadda aka tsayar da su kan nuna an yi haihuwa ko aure, ko an yi rasuwa, ko kuma injin na hutu ne na ɗan lokaci ko na dogon lokaci. A tsakiyar ƙarni na 19, injinan iska a ƙasar sun kai kusan dubu 10. Yau kimanin 1.200 suka rage, idan aka haɗa da masu aiki da ƙarfin ruwa. Ƙungiyar De Hollandsche Molen, da aka kafa a 1923, ita ta ja gaba wajen hana rushe su, kuma a 2017 UNESCO ta amince da sana'ar kula da injin a matsayin gadon al'adun ɗan Adam.

Majami'a: wurin ibada kuma mafaka

Galibin tsofaffin majami'un ƙauyukan an gina su ne tsakanin ƙarni na 11 da na 16, kuma kusan kullum a wuri mafi tudu na ƙauyen. Dalilin a fili yake. A ƙarnonin baya, babbar barazana ita ce ƙanƙara: idan kogi ya daskare a lokacin sanyi sannan ya soma narkewa, guntayen ƙanƙara kan taru su toshe hanya, ruwa ya taru a bayansu har ya fasa jinga. Haka ta faru a 1809, 1855 da 1861. Idan abin ya auku, ƙararrawar majami'a ce ke tashin mutane, su kuma su gudu cikinta da ƴaƴansu, wani lokaci har da dabbobinsu. A bangon wasu majami'u da gidaje akwai duwatsu da aka rubuta shekara da iyakar inda ruwa ya kai. A bayan jinga kuma ana ganin ƙananan tafkuna masu zurfi, waɗanda ruwa ya haƙa a wuraren da ya taɓa fasawa.

Majami'u da dama na ɗauke da sunan waliyyi Martin na garin Tours na Faransa, domin shi ne majiɓincin lardin addini na Utrecht. Akwai su a Tiel, Woudrichem da Zaltbommel. Hasumiyar ta Zaltbommel, mai tsawon kusan mita 70 a bakin Waal, ta rasa tsininta a 1538 bayan tsawa ta faɗa mata, kuma matuƙan jirgi na gane garin daga nesa da wannan kai nata mai faɗi. A Rhenen, bakin Nederrijn, hasumiyar Cunera mai kimanin mita 82 an gina ta daga 1492 zuwa 1531 da kuɗin masu ziyarar ibada.

Rikicin addini na ƙarni na 16 ya sauya cikin waɗannan gine-gine. A 1566 an farfasa mutum-mutumi da hotuna a majami'u da yawa, kuma da mabiya ɗariƙar Furotesta suka samu rinjaye, suka karɓi yawancin tsofaffin majami'un Katolika, suka shafe bangon da farar ƙasa. Shi ya sa a ƙauyuka da dama ake ganin biyu: tsohuwa ta Furotesta, da sabuwa ta Katolika da aka gina a ƙarni na 19. Wani abin lura shi ne tsarin mulkin 1798 ya mayar da hasumiyoyin ƙarƙashin hukumar gari, saboda agogo da ƙararrawa na kowa ne. Har yau a wurare da yawa ginin na masu ibada ne, hasumiyar kuwa ta ma'aikatar magajin gari.

Tsawon hasumiyoyin ya jawo musu masifa a yaƙin duniya na biyu. Sojojin Jamus sun kwashe dubban ƙararrawa domin narkawa, kuma a 1944 da 1945, lokacin da kogunan suka zama fagen daga, an tarwatsa hasumiyoyi da yawa don kada abokan gaba su hau su yi leƙen asiri. Tsohuwar majami'ar Oosterbeek, wadda asalinta ya koma ƙarni na 10, na cikin wuraren ƙarshe da sojojin laima na Birtaniya suka riƙe a yaƙin Arnhem, kafin kimanin 2.400 daga cikin dakarun ƙawance su tsallake kogi a daren 25 zuwa 26 ga Satumba 1944.

Fadoji: kuɗin fito da iyaka

A wasu ƙasashen Turai akan gina fada ne a kan dutse. A nan babu duwatsu, don haka ruwa ne ganuwa: akan haƙa gwalalo mai faɗi a cika shi daga kogi, a sa gadar da ake ɗagawa. Kayan ginin ma daga kogin yake, domin lakar bakinsa ake ƙonawa ta zama jan bulo. Wanda ya mallaki fada a mahaɗar koguna, shi ke karɓar kuɗin fito daga kowane jirgi, kuma yankin ya kasance iyaka tsakanin masarautun Holland, Gelre, Brabant da Utrecht, waɗanda ba su rabuwa da gaba.

Misali mafi fice shi ne Loevestein, wadda barde Dirc Loef van Horne ya gina wajajen 1360 a inda Maas da Waal ke haɗuwa a wancan zamani. Daga 1619 ta zama gidan kason fursunonin siyasa. Fitaccen wanda aka tsare a ciki shi ne masanin shari'a Hugo de Groot, wanda duniya ta fi sani da Grotius, da aka yanke wa ɗaurin rai da rai a rikicin addini da siyasa da yarima Maurits. An bar shi yana karɓar littattafai cikin babban akwati, kuma da masu gadi suka gaji da bincike, ranar 22 ga Maris 1621 matarsa Maria van Reigersberch ta sa shi cikin akwatin. Sojoji da kansu suka ɗauke shi zuwa jirgi. Daga Gorinchem ya yi shigar magini ya wuce Anvers, sannan Paris, inda a 1625 ya wallafa littafinsa kan dokar yaƙi da zaman lafiya, wanda ake ɗauka ɗaya daga cikin tubalan dokar ƙasa da ƙasa. Wannan fanni ba baƙo ba ne ga ƴan Nijar: kotun duniya da ke birnin La Haye na Holan ce ta raba gardamar iyaka tsakanin Nijar da Benin ranar 12 ga Yuli 2005, inda ta tabbatar wa Nijar tsibirin Lete na kogin Isa, sannan a 2013 ta yanke hukunci kan iyakar Nijar da Burkina Faso.

Loevestein ta kuma kasance cikin wani tsarin tsaro na musamman, inda ake buɗe ƙofofin ruwa da gangan a malale filaye har zuwa gwiwa: ya yi wa sojan ƙasa da keken igwa zurfi, bai kuma isa jirgi ya bi ba. Da wannan dabara aka tsayar da rundunar sarkin Faransa Louis na 14 a 1672. Sabon layin tsaron, da aka soma a 1815 mai tsawon kilomita 85, ya shiga jerin UNESCO a 2021.

Fadojin da ke gabas da layin ba su tsira ba. Sojojin Faransa sun ƙone ta Amerongen a 1673, uwargidan wurin, Margaretha Turnor, ta jagoranci sake gina ta. A cikinta ne sarkin Jamus Wilhelm na 2 ya samu mafaka bayan yaƙin duniya na farko, kuma a nan ya sa hannu kan takardar murabus ranar 28 ga Nuwamba 1918. Doorwerth, wadda aka fara ambata a 1260, tana cikin filin da Nederrijn kan malale. Ta yi kaca-kaca a 1944, kuma gyaranta bai kammala ba sai 1983. A Wijk bij Duurstede, hasumiyoyi biyu ne suka rage daga fadar da babban limamin Utrecht, David na Bourgogne, ya faɗaɗa a ƙarni na 15.

Inda ake ganin ukun a wuri guda

Bronkhorst, a bakin IJssel, mutanenta ba su kai 200 ba, amma tana da takardar zama birni tun 1482. Tana da ƙaramar majami'a ta 1344, injin niƙa na 1844, da tudun da fadar ta tsaya a kai kafin a rushe ta a ƙarni na 19. Batenburg, a bakin Maas, na da kangon fadar da sojojin Faransa suka ƙone a 1794, da tsohuwar majami'a, da injin katako irin na da, wanda ake juya dukan jikinsa a kan ginshiƙi guda. A Woudrichem kuma, injin iska na tsaye a kan ganuwar gari kusa da majami'ar Martin, kuma ƙaramin jirgin fito na kai masu tafiya a ƙasa da masu keke zuwa Loevestein da ke tsallake.

Halin da ake ciki yau

A ƙarshen Janairu da farkon Fabrairu 1995, ruwan Rhin a Lobith ya kai kimanin m³ dubu 12 a kowace daƙiƙa. Hukumomi suka kwashe mutane dubu 250 da dabbobinsu daga yankin, kuma jingar ƙauyen Ochten ta kusa fashewa. Ba ta fashe ba, amma abin ya sauya tunanin ƙasar. Maimakon ƙara wa jinga tsawo kaɗai, daga 2007 aka ƙaddamar da shirin bai wa kogi fili a wurare sama da 30, kan kuɗi Yuro miliyar 2,3, kwatankwacin miliyar 1.500 na sefa. A Lent, ɗaura da birnin Nijmegen, an ja jinga baya da mita 350, aka haƙa wa Waal sabon reshe, abin da ya sa aka tashi gidaje kimanin 50. Doka ta kuma tanadi cewa kafin 2050 dukan manyan jinga su cika sababbin sharuɗɗan tsaro, kuma da yake tsofaffin gidaje da majami'u da yawa a jikin jingar suke, kowane aiki na zuwa da muhawara kan abin da za a bari da abin da za a taɓa.

Gine-ginen ma na da nasu matsaloli. Fiye da rabin ƴan ƙasar sun ce ba su bin wani addini, don haka majami'u da yawa sun koma ɗakunan taro, na karatu ko gidajen zama, saboda masu ibada ba su iya ɗaukar nauyin gyara. A Kinderdijk yawan baƙi ne ya zama damuwa: a 2018 mazauna injinan, su kimanin 60, sun fito sun koka kan baƙi dubu 600 da ke zuwa a shekara. Injin iska kuwa idan ba ya juyawa katakonsa ruɓewa yake, shi ya sa ƙungiyar masu aikin sa kai da aka kafa a 1972 ke horar da sababbin masu kula da inji, har su ci jarrabawa kafin a ba su dama su tayar da shi su kaɗai.

Ga mai son ganin cikinsu, ɗaruruwan injina na buɗe ƙofa a ƙarshen mako na biyu na watan Mayu, ranar injin iska ta ƙasa. A ƙarshen mako na biyu na Satumba kuma, dubban gine-ginen tarihi, har da majami'u da fadoji da ba a saba shiga ba, na karɓar jama'a kyauta.